Wanda Ya Fasa Mini Gira

Jiya da la'asar sakaliya, a Kwangila,
ina durƙushe kan wata ƙofa ina walda,
Nafi'u ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya:
"Kawu Barau, wannan ba mutuminka ba ne?"
Na ɗage gilashi. Ban ce da shi uffan ba.

Shi ne. Ya yi teɓa, sanƙo ya ci rabin kai,
baƙar kwat, ana maƙala masa lamba a ƙirji,
zaure cike, fitilu kamar an ɓarar da taurari,
yara sun yi sahu da safar dambe a wuya.
Amma hancin nan da na karkata masa
har yau bai koma daidai ba.

Tural sunansa. Ni Turalu nake ce masa.
Shekara ashirin da shida ke nan, a Baku,
garin da iska ke marin baƙo tun daga tasha.
Na je da takalmin aro, ya fi ƙafata,
na cusa auduga a gaba, ban gaya wa kowa ba.

Kafin nan, Koci Yohanna na Wusasa
ya cika buhu da yashin Kubanni
ya rataye a reshen mangwaro bayan gidansa.
Mu bakwai ne. Gudu zuwa Kufena kafin assalatu,
mu dawo, koko da ƙosai uku-uku.
Ladan ke nan. Ba mu taɓa tambayar ƙari ba.

Turmi uku aka ba mu.
Na farko nawa ne, ko shi zai shaida.
A na biyu hagunsa ta zo ta inda ban aje ido ba,
gira ta buɗe, duniya ta koma ja.
Na uku, ban san wa ya riƙe wani ba.
Alƙalai biyar: uku nasa, biyu nawa.
Ƙasa dai ba ta ga bayana ba.

Ana ɗinke ni sai ga shi da shayi
a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu,
da rumman guda, ya fasa ya ba ni rabi.
Ya yi sallama, na amsa. Nan yarenmu ya ƙare.
Ya nuna hancinsa, na nuna girata,
muka yi dariyar da ba ta nemi tafinta ba.

Na dawo da tagulla. An tare ni a PZ,
an ce fili, an ce aiki, an ce har da babur.
Abin da ya iso hannu: agogon bango
da takardar yabo mai sunan wani Bara'atu.
Agogon ya tsaya damina ta uku.
Tagullar na cikin gwangwanin kusoshi,
ba ta yi tsatsa ba, ba ta kuma sayi hatsi ba.

Hassada? Ta leƙo, ba zan ɓoye ba.
Ta zauna kan benci kamar mai jiran gyara,
na bar ta ta huta, ta tashi don kanta.
Wanda ya sha naushina ya tsaya da ƙafarsa,
in garinsu ya tuna da shi, bai ci haram ba.

Na ce, Nafi'u, rubuta masa can ƙasa:
Barau na Zariya yana gaisuwa,
girar ta warke, sai dai in hadari ya haɗo.
Ka ce buhun na nan, mun sake masa igiya,
yara goma sha ɗaya, har da mata biyu,
ƙaramar tana da hagu irin tasa.

Ya ce, "Kawu, da wane yare?"
Na ce sa hoton gira, zai gane.
Sai aka kawo wuta. Na sauke gilashi.
Mai ƙofa tun Talata yake zarya,
kuma ban gama mata ko ƙafa ɗaya ba.